Taron suna, 'yan barka da yawon arba'in: yaya za a kare jariri ba tare da dangi sun ji haushi ba?

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da kowa ke gani amma ba a cika zama a tsara shi ba. Ranar suna jariri ɗan kwana bakwai yana yini daga wannan hannu zuwa wancan, ɗaki a cike, turaren wuta na tashi, mai jego tana can ana mata kwalliya ana ɗaukar hoto. Bayan nan ga 'yan barka, ga yawon arba'in, ga Sallah idan ta faɗo a tsakani. Ba wanda zai ce a daina zumunci. Abin da nake nema daga ma'aikatan lafiya da iyayenmu mata na wannan zaure shi ne tsari dalla-dalla: me za a tanada, me za a hana, wa zai hana, kuma da wane baki?

Sista_Rabi:
Wa alaikumus salam. A fara da nono, domin shi ne abin da taro ya fi lalatawa. Sabon jariri yana sha sau 8 zuwa 12 a awa 24, wato kusan duk awa biyu zuwa uku. A ƙarshen makon farko abin da cikinsa ke ɗauka a sha ɗaya bai wuce cokalin miya uku ko huɗu ba, shi ya sa ba ya jimawa bai sake nema ba.

Ga yadda abin ke lalacewa ranar suna. Yaro yana hannun baƙi a naɗe cikin shawul, ɗumi ya sa shi barci mai nauyi, awa biyar ta wuce bai sha ba. Nonon uwa ya cika ya yi tauri. Da dare a sa shi ya kasa kama kan nonon saboda ya kumbura, ya yi ta kuka, sai a ce nono bai ishe shi ba, a kawo ruwa ko madarar gwangwani. Daga ranar matsalar shayarwa ke farawa a gidaje da yawa.

Maganinsa: a saita ƙararrawar waya duk awa biyu da rabi. Kada a jira kuka, a duba tsotsar hannu, juya kai da buɗe baki. Idan nonon ya riga ya yi tauri, a tatse kaɗan da hannu har kewayen kan ya yi laushi kafin a sa yaro. Sannan a gaya wa tela tun wuri, ɗinkin suna ya zama mai buɗewa ta gaba. Riga mai zif a baya ita kaɗai tana iya hana yaro sha har yamma.

Hajiya_Kaka:
Sista maganarki daidai ce, amma kin manta alkunya. Yarinyar da ta yi haihuwar fari, wadda ko sunan ɗan ba za ta kama ba, ita ce za ta je gaban uwar mijinta ta ce a ba ta yaro zai sha nono? Ba za ta iya ba, kuma idan ta yi za a daɗe ana maganar.

Shi ya sa iyayenmu suke ajiye babbar mace a ɗakin jego, kaka ko gwaggo ko yayar uwa. Aikinta bai tsaya kan dafa ruwan wanka da dama kunu ba. Ita ce mai yaro a ranar. Ta zauna a uwar ɗaka da shi a cinyarta, baƙi su shigo su leƙa su yi addu'a su fita falo. Wanda ya cancanta ta miƙa masa, ta kuma karɓa da kanta. Idan lokaci ya yi ta ce “ku kawo min mijina ya ci abinci”, kowa ya yi dariya a miƙo shi. Babu wanda ke jin haushin tsohuwa a kan jikanta. Sai dai a zaɓi wadda za ta zauna, kada a haɗa mata da rabon tuwo.

Abban_Sadiq:
Hajiya ta gama magana ta ɓangaren mata. Na maza kuma: duk abin da ya shafi dangin miji, miji ne zai faɗa, kuma tun ciki yana wata takwas, ba ranar da gida ya cika ba. Ya je ya zauna gaban mahaifiyarsa ya ce ga abin da asibiti suka ce, yana neman ta taimaka ta tsaya a kai. Uwar da aka ba wa riƙon doka ita ce za ta fi kowa tsare ta. Wadda aka bari ta ji a bakin surukarta kuwa, ko maganar gaskiya ce ba za ta karɓu ba.

Abin tanadi ba shi da tsada: buta biyu, sabulu, roba ta tarar ruwa a bakin ƙofar ɗakin, da yarinya ɗaya mai zuba wa mutane. A kai janareta can nesa da taga da ƙofa, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Ummi_Fagge:
Wanke hannu a bakin ƙofa fa ba kowa zai ɗauka da kyau ba. Wata za ta ce ƙazama aka mayar da ita.

Hajiya_Kaka:
Ummi, idan uwar miji da uwar mai jego suka fara wankewa a gaban mutane, magana ta ƙare. Kuma kowa za a zuba wa, babba da yaro. Zaɓe shi ke kawo jin haushi.

Malam_Na_Zaure:
Bari in raba abin da addini ya kawo da abin da al'ada ta ƙara, domin mai gida ya san inda yake da sarari. Sunna ita ce yanka a rana ta bakwai, raɗa suna, aske gashin jariri da yin sadaka da nauyinsa na azurfa ko zinariya. A mazhabar Malikiyya da muke bi dabba ɗaya ta wadatar ga namiji ko mace, wasu malamai kuma sun ce biyu ga namiji. Idan an haihu bayan alfijir ba a lissafa ranar cikin bakwai ɗin. Naman a ci, a yi sadaka, a aika wa maƙwabta. Malaman Malikiyya ma sun karhanta a mayar da naman haƙiƙa, wato yankan suna, walima ta gayya.

Ke nan yinin suna na mata al'ada ce ta zumunci, mai kyau, amma wanda ya ɗage ta saboda mai jego ta sha tiyata ko yaro bakwaini ne bai bar komai na addini ba. A raɗa suna da safe, a yanka, taron mata a sa shi bayan arba'in.

Gwaggon_Yara:
Malam Allah ya ƙara ilimi. To tahniki fa? Domin a nan ake shigo da zuma, da zamzam, da rubutu, kowa da abin da zai ɗiga wa yaro a baki.

Malam_Na_Zaure:
Tahniki ya tabbata, kuma da dabino ne: ɗan abin da aka tausasa a goga a ganɗar jariri, sau ɗaya, bayan haihuwa. Bai zama duk baƙon da ya zo sai ya yi nasa ba.

Sista_Rabi:
Gwaggo, zuma kam a'a har sai ya cika shekara. Tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri bai iya ba. Gubarta tana sakar da jiki: bayan gida ya ɗauke, tsotso ya yi rauni, kuka ya zama ƙasa-ƙasa, wuya ya saki, har numfashi ya tsaya. Tafasa zumar ba ya hanawa.

Ruwa kuma kowane iri, kafin wata shida ba ya buƙata, ko a zafin Afrilu. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Ruwan da aka ba shi yana cike gurbin nono, kuma ta kofi ko cokali ne gudawa ke shiga. Hanyar da ba ta ɓata wa kowa rai: uwa ta sha zamzam ɗin ko rubutun, yaro a tofa masa addu'a. Shaidar yana ƙoshi ita ce ya jiƙa nafki sau 6 ko fiye a yini da kwana, fitsarin ba ja ba.

Baba_Sule:
Ni inda nake jayayya da ku shi ne wanzami. Yanzu ana nema a kore shi daga gida gaba ɗaya, alhali shi ne ya yi wa iyaye da kakanni aski da cire beli, ga su nan sun rayu.

Dakta_Yara:
Baba, Allah ya ƙara girma. Aski ba wanda ya hana. Sharaɗinsa sabuwar reza da aka ɓare a gaban uba, hannu wankakke, ruwan ɗumi mai tsabta, a bi a hankali a wajen maɗiga, kuma a yi a inda babu iska mai sanyi. Askar da ta bi kawuna da yawa ita ce hanyar ciwon hanta.

Beli kuma halitta ce, kowane yaro da shi ake haifarsa, ba ya hana shan nono, ba ya sa amai. Idan an yanke shi abubuwa uku ake tsoro. Jini: jariri duka jinin jikinsa bai fi cikin kofin shayi babba ɗaya ba, kuma jinin da ke bin maƙogwaro ba a ganinsa, haɗiyewa yake. Wanda aka haifa a gida bai sami allurar bitamin K ba ya fi saurin zubar da jini. Na biyu, ciwon ya hana shi tsotso kwanaki. Na uku, tsinkau-tsinkau, inda muƙamuƙi ke ɗaurewa bayan 'yan kwanaki. Waɗanda suka rayu muna ganinsu Baba, waɗanda ba su rayu ba an ce wa'adi ne, ba a bincika ba. Yankan da ake yi wa 'ya mace a gabanta ma haka, babu amfanin da yake da shi, kuma dokar tarayya ta 2015 ta haramta shi.

A ba wanzami haƙƙinsa cikakke, kuɗinsa da rabonsa na nama, a ce aski kaɗai ake so. Uba ya tsaya a wajen har a gama, domin a ɗan lokacin da ya juya baya ake yin abin.

Baba_Sule:
Na ji batun jinin. Amma ba kowane tsoho zai yarda da maganar likita a kan jikansa ba, wannan ku sani.

Maman_Ihsan:
Ina so in ƙara abubuwan kwalliya, domin su ne ke shigowa da hannun masu ƙauna. Kwalli na gargajiya da yawa akwai dalma a cikinsa, irin gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, can ta hanyar haƙar zinariya. Yaro ya murza ido ya kai hannu baki, tana taruwa tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali. Kafur da ake zubawa a akwatin kayan jarirai, da lalle, da man zafi mai sanyin ƙamshi, suna fasa jinin wasu jarirai masu wani rauni na gado wanda ya yawaita a ƙasarmu, musamman maza, sai shawara ta taso da ƙarfi. Kayan barka da suka kwana da kafur a wanke su a shanya a rana kafin a sa.

Duba shawara kuwa da rana ake yi a bakin taga: farin ido, dasashi, sannan a danna kan hanci a saki a ga ko wajen ya yi rawaya. Idan ta bayyana a ranar farko, ko ta sauko tafin hannu da tafin ƙafa, ko yaro ya yi barci ba ya tashi sha, asibiti a ranar, ko da tukwane na kan wuta. Shanya shi a hantsi da ruwan gulukos ba sa maganinta, hasken asibiti ake sa shi a ƙarƙashi.

Ungozoma_Rano:
Cibiya ma a saka a lissafi. Yawanci tana faɗuwa tsakanin kwana 5 zuwa 15, to sau da yawa ranar suna tana nan, sai a matsa a ce sai ta faɗi kafin taro. Kada a ja ta, kada a gasa da tsumma ko kasko, kada a sa man goge baki ko toka. Man kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti, sau ɗaya a rana da wankakken hannu, kuma kada ya kusanci ido. A naɗe bakin nafki ƙasa da ita ta sha iska. Ja a fatar kewaye, ruwan ƙurji ko wari, a tafi asibiti.

Sai gado. Ranar taro a kan gado ake tara mayafai, jakunkuna da kayan barka. Jaririn da aka kwantar a can mayafi na iya rufe masa fuska, ko wata ta zauna ba ta gani ba. A ware masa wurinsa, shimfiɗa mai tauri, a rigingine, ba matashi, cikin gidan sauro. Kada a bar shi a kan kushin.

Zainab_Maradi:
A nan wajenmu ma turare ne babban abu, ɗakin mai jego ba ya rabuwa da kasko. Abin da ya fi sauƙi: a turara ɗakin da kayan lokacin da yaro yake wani ɗaki, a buɗe taga hayaƙi ya fita sarai, sannan a dawo da shi. Kaskon a fitar da shi waje, saboda yara masu rarrafe. Maganin sauro na kunnawa shi ma haka.

Ummi_Fagge:
Tunda ana maganar mai jego, wankan jego da kunun kanwa fa? Ita ma ai tana cikin taron.

Dakta_Yara:
Wanka da ruwan ɗumi yana da daɗi ga jiki, ba laifi. Ma'auninsa: idan gwiwar hannun mai yin wankan ba za ta iya zama a ciki ba, ya yi zafi. Wadda aka yi wa tiyata ko ɗinki kada a fyaɗa mata ganye a wajen. Kanwa kuwa 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana ɗaga hawan jini, ga shi ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yawaita a arewa. Wadda ta yi hawan jini ko kumburi da ciki ta bar ta. Kunun gyaɗa, na tsamiya, nama, wake da ganye sun ishe ta. Haki idan ta kwanta, kumburin ƙafa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jini mai jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, zazzaɓi: ko ɗaya daga ciki ba a jiran baƙi su watse.

Uwar_Biyu:
Allah ya saka da alheri. Mu dawo kan fita da yaro. Yawon arba'in gida nawa ya kamata a yi a rana, kuma yaushe?

Sista_Rabi:
Ku lura da lissafi: arba'in kwana 40 ne, allurar mako shida kwana 42. Sun haɗu, kuma a nan ake tsallake allurar saboda ana yawo. Kafin ranar abin da yaro ya samu na haihuwa ne kawai: allurar BCG ta tarin fuka, ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta. A mako 6 ne zai fara Penta mai kare mashaƙo, tarin shiƙa da sauransu, da ta nimoniya da ɗigon gudawa, a maimaita a mako 10 da 14. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi a Kano a 2023 ya san ba abin wasa ba ne.

Shawarata a fara da asibiti, a bar shi kwana biyu saboda ɗan zazzaɓi da kumburin cinya, sannan a fita. Gida biyu ko uku a rana, da safe ko bayan la'asar. A raba yawon cikin makonni. Katin rigakafi ya zauna a jaka, wadda ta tafi wankan gida za ta iya karɓa a asibitin garinsu. Sutura: abin da babba ya sa, a ƙara guda ɗaya. A taɓa bayan wuyansa, idan da gumi a rage. A adaidaita sahu uwa ta zauna a tsakiya, kada a toshe masa fuska da shawul mai kauri saboda ƙura.

Gwaggon_Yara:
Kafin a je kowane gida a buga waya a gaisa, a tambayi lafiyar yara. Idan akwai mai ƙyanda, ƙarambau ko tari, a ɗaga zuwan. Allurar ƙyanda sai wata 9, kuma mai ita yana yaɗawa tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, ke nan zazzaɓi da jan ido da mura a lokacin zafi sun isa dalili. Sumba a baki ko fuska a bari, musamman mai ƙurjin nan na leɓe da ake cewa zazzaɓi ne ya fito. A babba ba komai ba ne, a jariri yana iya kai wa ƙwaƙwalwa.

Maman_Ihsan:
Duk mun tsaya kan sabon haihuwa. Ɗan wata bakwai zuwa shekara a taron Sallah ko biki ya fi shiga haɗari, domin yana rarrafe kuma kowa na sa masa abu a baki. Gyaɗa guda, cincin, alawa, ƙwallon dabino, tsokar soyayyen nama, duk suna shaƙewa. A zo masa da abincinsa daga gida, kunu mai kauri da garin gyaɗa ko na waken suya, a mazubi mai murfi da cokalinsa, a ba shi kafin a fara rabon abinci. Abin da ya wuce awa biyu a buɗe cikin zafi a zubar.

Idan ya shaƙe, ba ya kuka ba ya tari: a kifa shi a kan hannu, kai ƙasa da ƙirji, a buga tsakanin kafaɗu sau 5 da gindin tafi. Bai fito ba, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji sau 5. A yi ta maimaitawa ana neman mota. Kada a zura yatsa ana lalube, tura shi ciki ake yi. Ƙuna kuwa, daga filas ɗin shayi, garwashi ko man suya, a zuba ruwa mai sanyi minti 20, ba ƙanƙara ba, ba ƙwai, ba manja, ba man goge baki.

Kuma a taro kowa yana zaton wani ne ke duban yaro. A kama sunan mutum ɗaya babba, idan zai tashi ya miƙa wa wani hannu da hannu. Bokiti da baho masu ruwa a kife su ko a rufe.

Dakta_Yara:
Ƙari kan na Maman_Ihsan: gudawar bayan taro kada a ce haƙori ne a sayo maganin haƙori. A 2008 wani irinsa ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya. A haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na leda, a adadin ruwan da aka rubuta a ledar, rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, a zubar da ragowar bayan awa 24. Zinki ƙwaya ɗaya kullum kwana 10 zuwa 14, rabi ga wanda bai kai wata shida ba. Nono a ci gaba.

Ga ɗan ƙasa da wata biyu kuma, a ajiye ma'aunin zafi a gida. 37.5 ko sama, ko ƙasa da 35.5, numfashi 60 ko fiye a minti, haƙarƙari na lotsawa, ƙin nono, jijjiga: asibiti kai tsaye, kada a ba shi farasitamol a jira gari ya waye.

Abban_Sadiq:
Tambayar Uwar_Biyu ta “da wane baki” har yanzu akwai saura. Idan mai tarin ita ce kakar yaron da kanta, wadda ta taso daga ƙauye domin sunan, wa zai ce mata kada ta ɗauka?

Hajiya_Kaka:
Ɗanta ko 'yarta, a keɓe, kafin ta shiga ɗakin. Ya ce Inna wannan tarin naki ya dame ni, gobe sai mu je a duba ki. A kawo mata yaron a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, wani na riƙe da shi, ta yi masa addu'a. A riƙe ta ta ƙara kwanaki har ta warke ta yi goyonta.

Baba_Sule:
Idan tarin ya haura mako biyu a gwada majinarta, gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati. Amma riƙe tsohuwa a gari lokacin damina, ga gona ga dabbobi ta baro, wannan sai an tura wanda zai kula mata da su tukuna.